Hannun Yaya Nomau

Talata ce, cikin bazara, zamanin soja, a shekarun da kuɗin mai suka shigo har talaka ya fara zuba sukari a koko ba tare da ya waiga ba. Na tashi kafin kiran sallar asuba na hura wuta. Gidanmu a Ƙofar Kware yake, cikin wani lungu da jaki mai kaya ba ya wucewa sai ya gogi bango. Mu huɗu ne a ciki: Inna, da wana Nomau, da ni Luba, da 'yata Asma'u da nake goyo. Mijina ya rasu shekara guda kafin nan, na gama takaba na dawo gida.

Yaya Nomau kurma ne tun haihuwa. Bai taɓa jin sauti ba, bai taɓa furta kalma ba. Baduku ne, kuma wanda ya taɓa sa takalminsa na jar fata ba ya komawa wurin wani. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. "Wancan" take ce masa. To mutumin da ido ne kunnensa, uwarsa kuma ba ta duban idonsa, da wa zai yi magana? Da ni. Tun ina rarrafe muka ƙirƙiro maganarmu ta hannu, mu biyu, ba wanda ya koya mana. In ya taɓa haƙoransa na gaba, ni yake nufi, saboda wushiryata. Ruwa, kasuwa, yunwa, ƙarya, gobe, duk muna da su. Har zagi muna da shi, kuma a nan na fi shi iyawa.

Da sauran mutane kuwa, musabaha ce duk maganarsa. Gaisuwarmu ta Sakkwatawa doguwa ce, shi kuma bai yarda a rage masa komai ba. Sai ya kama hannunka da hannu biyu. Ya matsa sau ɗaya, ina kwana ke nan. Ya sake matsawa, ina gajiya. Ya ƙara, ina gida. Ba ya saki sai ya kai ƙarshe, ko gobara kake zuwa kashewa. Duk unguwa an san shi da haka, ana tsokanarsa, ana kuma son sa.

Kwana tara kafin wannan Talata wata magana ta shigo gari. Aka ce direbobin manyan motoci suka kawo ta. Wai akwai mutanen da in suka yi musabaha da namiji, ko suka goge shi a cikin taro, sai gabansa ya ɓace. Wai da shi ake tsafin kuɗi, shi ya sa ake ganin wanda jiya yake tafiya a ƙasa yau yana kan babur. Ni ban ga wanda abin ya samu ba. Kowa dai ya san wani da ya san wani. Muka ji an kashe wani baƙo a tasha, an rotsa wa wani kai wajen Sabon Gari. Maza suka daina ba juna hannu. Sai a ɗaga daga nesa, a dafa ƙirji. Ko a masallaci, ana sallama kowa ya lallaɓa ya nemi takalminsa. Duk garin ya ji labarin, sai mutum ɗaya.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya zauna bakin murhu. Ya nuna mini: na miƙa hannu, kowa ya janye nasa. Ya shinshina hammatarsa, ya tambaye ni ko wari yake yi. Dariya yake, amma idonsa ba ya dariya. Na karkaɗa yatsa gaba, wato an jima.

Ga abin da ya hana ni. Maganar baki tana da lungu. Kana iya cewa "gaba", ko "abin nan", kowa ya gane, kunyarka tana nan. Maganar hannu ba ta da lungu. Abin da kake nufi shi za ka nuna. Sai na tsaya gaban wana, wanda ya goya ni, na nuna wurin da ƙanwa ba ta ko kai idonta. Ranar Asabar na gwada gajerar hanya. Na nuna masa hannu, na nuna masa a'a. Ya juya tafinsa sama, don me. Yaya Nomau ba ya karɓar umarni babu dalili, an sha yi masa haka a rayuwa har ya ƙoshi. Na juya na ci gaba da tuƙa tuwo.

Na ce wa Inna, "Inna, ya kamata a hwaɗa mishi."

Ta ce, "Ke ka magana da shi. Ni da wane hannu?"

Haka muka bar ta. Kowace rana ina cewa gobe.

Safiyar Talatar ya fito da takalmi sabo fil, ya naɗe a takarda. Na Sahabi ne, tela, maƙwabcinmu da bango ɗaya ya raba mu, abokinsa tun suna wasan ƙasa. Ya nuna mini: Sahabi yana fushi da ni, kwana shida bai ba ni hannu ba, yau za mu shirya. Na gane abin da zai yi. Na ɗaga hannuna. Inna tana zaune kan tabarma tana jan carbi. Asma'u tana kuka a bayana. Koko ya taso zai zube. Na karkaɗa masa yatsa, an jima, in ka dawo, na sauke tukunya.

Rediyon gidan Sahabi shi ne agogonmu, ta kan bango muke ji. Ƙarfe bakwai da rabi Yaya ya tura sabon kekensa waje. Ya kaɗa ƙararrawa sau uku kamar kullum. Ba ya jin ta. Rawar da take yi a babban yatsansa yake so.

Ƙarfe goma ina dakan gero na fura. Hajo matar Sahabi ita ma tana daka a nasu gidan, taɓaryarmu tana amsa juna. Sai na ji wani abu daga bakin titi, kamar ruwan sama mai zuwa daga nesa. Taɓaryar Hajo ta tsaya. Tawa ma ta tsaya. Sannan ƙafafu, da yawa, cikin lungu. Goma da kwata Yaya ya faɗo gida. Babu keke, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya, jini a gira. Na ja ƙyauren zaure na sa sakata, na mirgino turmi na tokare.

Abin da ya faru a shagon Sahabi, daga baya Hajo ta gaya mini. Sahabi ya yi kwanaki ba ya barci. Wani mai kawo ɗinki ya goge shi, tun ranar yake zagayawa bayi yana duba kansa. Yaya ya zo ta bayansa, ya dafa kafaɗarsa, ya ajiye takalmin kan keken ɗinki, ya cafke hannunsa da hannu biyu. Sahabi ya ja. Yaya ya ɗauka wasa ne, ya ƙara riƙewa yana dariya, yana matsawa, ina kwana, ina gajiya. Sahabi ya ƙwala ihu an ɗauke masa. Mutane suka taru. Suka ce wa Yaya ya yi magana, ya maido. Bai yi magana ba. Waɗanda ba su san shi ba suka ce shirun na tsafi ne. Waɗanda suka san shi, wani daga cikinsu ya tambaya ina bebe ya samu sabon keke.

Yanzu ga su a ƙofarmu. Ana dukan ƙyaure da wani abu mai nauyi.

"Ku hito da shi!"

"Shi maido!"

Na manna bakina a ƙyauren na ce, "Kurma na. Nomau na, kun san shi. Ba shi ji." Muryata ba ta wuce zaure ba. Tasu kuwa na ji ta sarai, har na rarrabe. Akwai mai kananzir na bakin lungu. Akwai wanda ya ɗauki makarar mijina. Wannan ya fi dukan ƙyauren tsorata ni.

Goma da rabi duwatsu suka fara tsallako bango. Na farko ya faɗa kan rufin kwano, ƙararsa ta sa Asma'u ta shiɗe da kuka. Ni da Inna muna jin dutse yana tahowa, sai mu duƙa. Yaya ba ya ji. Yana tsaye tsakar gida yana kallon hannuna, yana jiran in gaya masa abin da ke faruwa. Ina ɗaga hannu in ce masa ya kwanta, rabin bulo ya same shi a fuska. Bai yi ƙara ba. Ya zauna kawai, a hankali, kamar wanda ya gaji.

Sai warin kananzir. Sai zaure ya kama. A nan fatunsa suke, na wata uku, jiya-jiya ya gama jera su. Har yau in aka babbaka kan rago a maƙwabta sai na fita daga gida.

Ta wajen bayi bangonmu ya zube tun damina, an tare wurin da zana. Na ga zanar tana motsi. Hajo ce, matar mutumin da ya yi ihun.

"Luba, ta nan. Maza."

Na kama Yaya ta hammata, Inna ta kama ɗaya gefen. Ban taɓa ganin ta taɓa shi ba sai ranar. Hajo ta cire mayafinta ta lulluɓa masa tun daga kai, ta mayar da shi mace. Rediyonta yana ta kiɗa, ba wanda ya tuna ya kashe. Ta fitar da mu ta ƙofar baya zuwa gidan da ke biye. Maza duk suna waje, gidajen na mata ne. Suka riƙa miƙa mu daga wannan zuwa wancan, ba mai tambaya. Wata ta tura mini buta cike da ruwa. A gida na huɗu wata tsohuwa ta ga jini yana ɗiga daga ƙarƙashin mayafin, ta ja jikokinta maza biyu ta shige ɗaki ta rufe. Ba ta hana mu wucewa ba, ba ta kuma tona ba. Na daɗe ina jin haushinta, yanzu na daina.

Wajen sha biyu muka ɓulla bayan unguwa, inda gidaje suka ƙare ƙasa ta gangara fadama. A nan muka ji harbi sau uku. Sojoji ne suka iso suka harba sama, haka aka ce daga baya. Mu ba mu san ko wa ake harbi ba. Asibiti yana can cikin gari, hanyarsa kuma ta titin da muka gudo daga gare shi take. Inna ta ce Dundaye, ƙauyen ƙanenta, Kawu, can ƙetaren gulbi. Ita ce kalma ɗaya da ta faɗa tun da aka fara.

Rana ta take. Inna ba takalmi, ƙasa tana cin ƙafarta. Yaya yana tafiya yana jingine da ni. Muna yin taku ashirin mu tsaya. Babu sauti a fadamar sai numfashinsa da kukan kurciya. In na waiga ina hango hayaƙi ɗaya siriri a kan unguwarmu.

Muna ƙarƙashin wani gawo aka kira azahar a gari, muka ji ta sama-sama. Na yaye mayafin na wanke masa fuska da ruwan butar. Idon dama ya rufe ruf. Na hagu yana buɗe kaɗan, yana kallona. Ya ɗaga hannu da ƙyar, ya nuna ƙirjinsa, ya juya tafinsa sama. Me na yi?

Inna tana zaune kusa da kansa. Wani dattijo mai albasa ya baro gonarsa da jaki, ya zo ya tsaya a kanmu. Namiji, baƙo, yana kallo. Na dubi Inna, na dubi dattijon. Na karkaɗa yatsa. An jima.

Na safe ina iya cewa koko ne, ina iya cewa kukan yarinya ne. Na ƙarƙashin gawon nan ba ni da abin cewa. Shi ne ban yafe wa kaina ba, kuma ba na so a ba ni haƙuri a kansa.

Dattijon ya riga ya ji labari, don labarin ya fi mu sauri. Ya ce, "Wanga shi na anka ce?"

Na ce, "Kurma na, Baba. Gaisuwa yay yi."

Ya dubi tafin hannunsa, na ga yana dubawa. Sannan ya sauke mangalar albasa a ƙasa, ya yi bisimilla, ya rungumi Yaya ya ɗora shi kan jakin. Ban tambayi sunansa ba. Kullum ina sa shi a addu'a da "mai albasa", na san za a gane shi.

Gulbi ya janye a wannan lokaci na shekara, ruwan iya cinya. Muka ƙetare, ni ina riƙe da Yaya ta hagu, dattijon ta dama, Inna tana biye da Asma'u a hannu. A tsakiyar ruwan Yaya ya yi amai. Daga nan kansa bai ƙara tsayawa daidai ba. Mun ji kiran la'asar na Dundaye muna cikin gonaki. Wajen ƙarfe biyar muka shiga gidan Kawu.

Aka shimfiɗa shi kan tabarma a inuwar rumbu. Kawu ya aika a nemo mota, aka ce mai motar ya tafi gari bai dawo ba. Na sake wanke fuskar. Yanzu idon hagu ma ya kumbura ya rufe. Na durƙusa ina yi masa fifita da faifai. Sai hannunsa ya motsa a kan tabarma. Ya juya tafinsa sama.

Wannan karon ban dubi kowa ba. Kawu yana tsaye, matansa suna tsaye, Inna tana zaune. Na ajiye faifan. Na nuna wurin. Na kama hannuna da hannuna. Na buɗe tafi, babu komai. Na sake. Na sake. Idonsa a rufe yake. Na sa yatsa na ɗaga fatar idon, ta ƙi ɗaguwa, jini ne kawai a ciki. Shekara talatin muna magana, ba mu taɓa yin wadda ake yi ido a rufe ba. Ba mu taɓa bukata ba.

Na kama hannunsa, nufina in motsa shi da kaina ko zai gane ta jikinsa. Da ya ji hannu a cikin nasa, sai ya kawo ɗayan ya rufe nawa. Ya matsa sau ɗaya. Ya huta. Ya sake matsawa. Ya ɗauka gaisuwa ce. Kwana shida ba wanda ya ba shi hannu. Na bar abin da nake son faɗa, na amsa masa, lafiya lau, ba gajiya. Ya matsa na uku, ina gida. Shi ma na matsa masa lafiya.

Bai saki ba. Ladan ya fara kiran magariba, kafin ya gama hannun ya yi nauyi. Kawu ya duƙa ya duba, ya yi salati. Inna ta matso ta ɗora tafinta a goshinsa, ta dubi fuskarsa sosai, ta ce, "Nomau." Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

Washegari da hantsi aka rufe shi a Dundaye. Sahabi kuwa, tun kafin azahar ta ranar Talatar aka shiga da shi ɗaki aka duba, komai nasa yana nan. Maganar ta yi mako biyu ta mutu yadda ta zo. Maza suka koma ba juna hannu. Ranar arba'in Sahabi ya zo, ya zauna ƙofar gida tun safe har rana ta yi tsaka yana kuka. Kawu ya fita ya ba shi hannu. Ni ban fita ba. Hajo na aika wa mayafinta, na wanke shi sau uku jinin bai fita ba.

Ba mu koma Ƙofar Kware da zama ba. Zaure ya ƙone, da ɗakin Yaya, da fatu. Keken ba a gan shi ba. Awakinmu biyu wani ya kora. Inna ta yi shekara huɗu ta bi shi. Asma'u ta girma, ta yi aure, ba ta tuna kawunta ba, ba ta kuma san maganarmu ba, don ba ni da wanda zan yi ta da shi a gabanta.

Wata rana na zauna ina lissafa kalmominmu, na wuce ɗari biyu na bari. Kowace shekara wasu suna zubewa. Na manta yadda muke cewa guna. Na manta Alhamis. Haƙorana na gaba sun faɗi, wushiryar ta tafi, sunana ya tafi da ita. Motsi ukun nan da ban yi masa da safe ba dai suna nan. Wani lokaci in ba kowa a ɗaki nakan yi su. Ba su kai tsawon sauke tukunya daga wuta ba.